Hukuncin Shiga Tsarin Fairtrade Ga Manoman Kofi

Tambaya: Malam, mu ƙananan manoman kofi ne a tsaunin Mambila, jihar Taraba. Ƙungiyarmu na son neman shaidar Fairtrade, wato tsarin ciniki na duniya da ke tantance ƙungiyoyin manoma, ya kuma sa mafi ƙarancin farashin da za a sayi amfaninsu. Wasu sun ce ƙayyade farashi ne, haramun. Wasu kuma na shirin sayo kofin maƙwabta su cika buhunanmu da shi. Mene ne hukunci?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, shiga tsarin ya halatta. An soma shi a Holan a 1988, da kofin manoman Meziko. Mai saye ne ke ɗaukar wa kansa alkawarin ba zai biya ƙasa da wani farashi ba. A Agustan 2023 an sa dala 1.80 kan kowace laba ta wankakken kofi nau'in Arabika, da ƙarin santi 20 na ayyukan al'umma. Ƙayyadewar da Annabi (SAW) ya ƙi yi a hadisin Anas ita ce shugaba ya tilasta wa kasuwa farashi. Wannan kuwa yarjejeniya ce ta yardar juna, kamar yadda aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta sharɗanta.

Cika buhu da kofin da ba a tantance ba haramun ne, ba ni da shakka a kai. Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa, yatsunsa suka taɓo danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Muslim ne ya ruwaito. Mai saye ya biya ne don siffar da kuka sa wa hannu, ko da kofin maƙwabcin ya fi naku kyau, ko da mai sayen ba Musulmi ba ne. Maƙwabcin ya shigo ƙungiya ta ƙofa, a duba gonarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne kuɗin shiga. Ku ne za ku biya masu binciken da za su tantance ku, kuma takardar shaidar ba ta lamunce muku mai saye. Ƙungiyoyi da dama a Habasha da Latin Amurka wani kaso kawai na amfaninsu suke sayarwa a wannan farashi, saura ya tafi kasuwar kowa. Kada ku ci bashin ruwa dominta, ku fara samun mai saye tukuna.

Ƙarin santi 20 ɗin nan amana ne a wuyan shugabanni. Babban taron mambobi ke yanke inda za a sa shi, rijiya ko aji ko injin ɓare kofi, a karanta lissafi a gaban mai bishiya ɗari da mai dubu. Shugaban da ya karkatar da shi ya ci dukiyar mutane, wajibi ne ya mayar.

Wallahu a'alamu.