Zanen Masu Ziyara a Kushewar Askiya: Lalacewa Ne ko Nufin Mai Zane?

Tambaya: Malam, na gaji wani zanen fenti daga mahaifina a nan Yamai, wanda ke nuna masu ziyara a gindin Kushewar Askiya ta Gao, a ƙasar Mali. Fuskokin mutanen ba su fito ba, launin kuma duk ja-ja ne. Wani mai gyara ya ce lalacewa ne, zai wanke mini shi da sabulu ya shafa man gyaɗa. Ina fargabar rasa shi.

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka. Kada ka bari mutumin nan ya taɓa zanen.

Abin da ka kwatanta ya fi kama da nufin mai zane. Ginin, wanda Askiya Muhammadu, sarkin daular Songhai, ya yi a 1495, na laka ne mai tsayin mita 17, saboda haka jan ƙasa ne ya kamata ya mamaye zanen, kuma da gangan akan ƙanƙanta mutane, a bar fuskokinsu a dushe, domin ido ya bi fararen rigunansu ya hau kan ginin. Ka ja da baya kaɗan, ka dubi inuwar itatuwan da suka fito daga bangon. Ita za ta nuna maka ko hantsi ne ko la'asar.

Maganar man gyaɗa kuwa ta ishe ni, domin kullum sai an kawo mini zanen da man ya kashe. Ranar da aka shafa shi launi yakan yi sheƙi, wanda ya kawo zanen ya biya kuɗi yana godiya. Amma man gyaɗa ba ya bushewa: yana ratsa fenti ya shiga ƙyallen, ya kama ƙurar hunturu, ya yi duhu, har farar riga ta koma launin ƙasa. Ruwan sabulu kuma yana bi ta tsagogin da ido ba ya gani, ƙyalle ya takure, fenti ya riƙa ɓarewa kamar bawon gyaɗa, kuma wanda ya zube ba ya dawowa. Wasu ma banishin kafintoci suke malalawa, ya yi rawaya, cire shi ya gagari ƙwararru. Masu wannan sana'a su ji tsoron Allah, amanar mutane suke ɓatawa.

Idan fentin bai fara tashi ba, ka kaɗe ƙurar da busasshen buroshi mai laushi, ka rataye shi nesa da rana da hayaƙin madafa. Idan ya fara tashi, ka kwantar da shi fuska sama, ka nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai.