Gareji ɗaya na mota da aikin kayan adon biki: ta ina ake farawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Zariya a nan Maradi, sana'ata haɗa kayan adon biki: dandamalin amarya, ƙofofin ado na Mauludi da manyan alluna na shagulgulan Salla. Akwai fili mita 6 a mita 10 a gefen gidana, ina so in gina garejin da mota za ta kwana, in riƙa aiki a ciki. Me ya kamata in tsara kafin in kira magini?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Filinka ya isa, amma kada ka bari mota ta yanke maka awo. Ɗauko ma'auni ka auna abin da ya fi kowanne girma cikin kayan da kake haɗawa, shi ne zai faɗa maka tsayin bango da faɗin ƙofa. Yawancin garejin gida ƙofarsu ba ta wuce mita 2 da ɗan kai a tsaye, mota ta shige lafiya, amma ƙofar ado mai tsayin mita 3 sai an kwance ta ko an yanka kafin ta fita. Saboda haka bango ya kai mita 3.5, babbar ƙofa kuma mita 3 a mita 3, mai gangarawa gefe a kan dogo don kada ta ci maka wuri. Ka ƙara ƙaramar ƙofar mutum a ɗaya gefen.

Mota irin Hilux tsayinta daga gaba zuwa baya ya ɗan wuce mita 5, faɗinta bai kai mita 2 ba. Ka ba ta ɓangare ɗaya mai faɗin mita 3. Ɗaya bangon mai mita 10 ka bar shi babu taga a ƙasa, ka kafa ƙarafan rataya, domin bututun ƙarfe a tsayin mita 6 ake sayar da shi, kuma in ba shi da wurin kwanciya a bango, a ƙasa zai zube kana tuntuɓe da shi. Falankin filawud kuwa mita 1.22 ne a 2.44, don haka teburin aiki ya yi daidai da wannan awon, a sa masa tayoyi masu birki.

Daɓe shi ne inda ban yarda a yi rowa ba. A ɗaga shi santimita 20 zuwa 30 sama da titi, domin ruwan Agusta in ya ɗauko yashi daga layi, garejin da ke daidai da titi shi yake fara samu. A cika da jar ƙasa, a jiƙa, a daddanne sosai, a shimfiɗa leda da ragar ƙarfe, sannan a zuba kankare mai kaurin santimita 12. Buhu 7 na siminti mai kilo 50 ake sa wa kowace mita kubik, kenan filinka zai ci kusan buhu 50. A karkata daɓen santimita 1 a kowace mita zuwa bakin ƙofa. Bayan zubawa a rufe da buhunan da aka jiƙa, a yi ta ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Kankaren da ya bushe da sauri a ranar Afrilu fuskarsa takan yi gari, ya tsattsage, kuma garin nan shi zai riƙa manne wa ɗanyen fentinka. Bango kuma, bulo mai kaurin santimita 15 guda 12 da rabi ke rufe mita murabba'i ɗaya; in an cire ƙofofi da tagogi, ka tanadi wajen 1,300 har da na fashewa.

Babbar ƙofa kada ta kalli gabas in da hali. Daga can hadari ke tasowa da iskarsa, ƙurar hunturu ma daga arewa maso gabas take zuwa. Rufin kwano a ɗaure shi da ƙarfen da aka binne cikin kankaren saman bango, ƙusa kaɗai ba ta riƙe shi a iskar farkon damina. Ka bar tagogin iska a can sama, bango biyu masu kallon juna, da raga, zafi ya samu mafita.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a sana'arka: kana haɗa walda da yadi da soso da fenti a ɗaki ɗaya. Tartsatsin injin yankan ƙarfe yana iya tashi kusan mita 10, ya faɗa cikin tarin yadi ya yi ta ci a ɓoye, sai dare ya yi wuta ta tashi. Ka ware kusurwar walda kusa da babbar ƙofa, da shingen bulo ko na kwano. Fenti da tina da gam su zauna cikin akwatin ƙarfe mai murfi a can ƙurya. Mota kuma a fitar da ita waje duk ranar da za a kunna walda, kuma kada a ajiye jarkar fetur a garejin ko kaɗan. Tukunyar kashe gobara mai hoda, kilo 6, a rataye ta bakin ƙofa, da bokitin yashi. Farin soson nan irin na cikin kwalin firji, fentin tina narkar da shi yake yi, fentin ruwa za ka shafa masa.

Wuta: wayar fitilu mai kaurin milimita murabba'i 1.5, ta soket 2.5, injin walda kuma a ja masa nasa layin daban da waya mai 6 da makatsin wuta na amfiya 32. A sa na'urar kariya ta miliamfiya 30 (30 mA), mai katse wuta in ta ja mutum, da sandar ƙasa, wato ƙarfen da ake kafawa a ƙasa a haɗa shi da wayar kariya. Tun kafin a ja waya, ka tambayi kamfanin wutar lantarki NIGELEC ko ƙarfin mitar gidanka zai ɗauki injin, in ba haka ba kullum wutar gida za ta riƙa yankewa. Soket su hau santimita 110 daga ƙasa, saman tebur.

Kayan da aka gama biki da su a ajiye a kan benen ƙarfe daga mita 2.3 zuwa sama, bisa hancin mota, a lulluɓe da tamfol. Katako kada ya taɓa ƙasa ko bango, gara ba ta jira. Kafin a haƙa tushe kuma, ka kai zanen ginin ma'aikatar magajin gari ka karɓi izinin gini.