Tsohon wayarin: in gobara ta tashi, wa za a kama?

Tambaya: Mun gaji gidan mahaifinmu a Tudun Wada, ginin shekarun 1970, muna so mu sa AC da hita. Mai gyaran wuta guda ya ce sai an sabunta wayarin gaba ɗaya, kuɗinsa da tsada. Wani yaron unguwa ya ce zai jona mana a kan tsohon da araha. Wanne za mu ɗauka, kuma in wani abu ya faru, laifin wa? Daga wani magidanci.

Amsa: Malam, na farkon nan ya fi kusa da gaskiya. Wayarin zamanin marigayi an yi shi ne don ƙwan fitila, fanka da rediyo. Ka sa a buɗe soket ɗaya ka gani da idonka: in robar wayar ta bushe tana farfashewa, ko ka ga baƙin ƙuna a bakin sukurun, ta gama aiki. Yawanci waya mai kaurin 1.5mm² ta fitilu ce, 2.5mm² ta soket, hita da babbar AC kuwa kowacce na son layinta daban da nata bireka. Tsohon fis ɗin tangaran da ake ɗaura wa waya mai kauri don ya daina yankewa, shi ne ke barin wayar cikin silin ta yi zafi har ta kama.

Batun laifi kuwa, daga mita zuwa cikin gida nauyin mai gida ne, ba na kamfanin rarraba wuta na Kaduna Electric ba. Shi ya sa nake cewa ka nemi mai gyaran ya nuna maka takardar shaidar ƙwarewa ta hukumar NEMSA, wadda aka kafa da doka a 2015, don ita ke tantance masu aikin wayarin. Ku rubuta yarjejeniya: kaurin kowace waya, yawan bireka, sandar atin (ƙarfen da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa) da za a binne, da gwajin da zai yi kafin a saki wuta. Ya sa hannu. In ba takarda, ranar da aka shiga uku yaron unguwa zai ce tsohuwar wayarku ce ta jawo, kuma da wuya ka ƙaryata shi. Arha dai ba ta ado.

Wayar ma a je kasuwa tare. Akwai alminiyam da ake shafa wa launin tagulla; a kankare bakinta da wuƙa, in fari ya bayyana, a ajiye musu abinsu.

Tambaya: Ina haya a Kawo. Mai gyara ya ce zai haɗa min janareta ta soket, ba sai na sayi canji-oba ba. Daga wata uwargida.

Amsa: Hajiya, kada ki yarda. Wutar janaretan za ta iya komawa kan layi ta kama ma'aikacin da ke bisa falwaya. Ki sanar da mai gidan tukuna, a sa canji-oba, wato makunnin da ke raba wutar janareta da ta layi, kuma kada mai gyaran ya taɓa mita ko ya cire hatiminta, don tarar kan wanda ke amfani da mitar take faɗawa.