Shin "araha ba ta ado" ta shafi kayan gona?

Tambaya: Malam, akwai kayan lambu na oganik masu tsada, akwai na takin zamani masu sauƙin kuɗi. An ce mini araha ba ta ado, wai in riƙa sayen masu tsadar. Karin maganar ta dace a nan? Kuma yaya za a ce oganik da Hausa?

Amsa: Wasu kan ce "noman takin gargajiya". Sun kusa, amma taki kaɗai bai cika ma'anar ba. Mai noman oganik yana guje wa takin masana'anta, da yawancin magungunan feshi na sinadari, da irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, sannan hukuma ta duba gonarsa ta ba shi shaida. Tunda kalma ɗaya ba ta ɗauke wannan duka, a bar oganik ɗin, bakin mutane ya riga ya saba da ita.

Karin maganar kuwa, wanda ya faɗa maka ya ɗora mata kayan da ba nata ba. Kan ado take magana, abin da ido ke gani: ka sayi yadi mai araha, wanki biyu ya koɗe. Gargaɗi ne ga mai bin araha ido rufe. Ba ta ce duk mai tsada ya fi amfani ba, kuma gina jiki ba a ganinsa da ido balle a kira shi ado.

A 2012 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun tattara bincike 237, ba su ga wani bambancin a zo a gani ba wajen bitamin. Abin lura kuma: saiwar shuka tana zuƙar naitirojin, sinadarin da take nema a taki, a siffa iri ɗaya, ko daga kashin dabbobi ya fito ko daga buhu. Inda oganik ya yi zarra shi ne ƙarancin ragowar maganin ƙwari, kodayake ragowar da ke jikin ɗaya ɓangaren ma galibi ba ta wuce iyakar da doka ta yarda ba. A 2014 wata tawaga ƙarƙashin Jami'ar Niyukasil ta Ingila ta duba bincike 343, ta ce oganik ya fi yawan sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki, kuma kadmiyom, ƙarfe mai guba, ya ragu a cikinsa da kusan rabi. Ko wannan na ƙara wa mai ci lafiya, har yanzu masana na ja-in-ja.

Tsadar ma ba daga bitamin take zuwa ba. Gonar oganik na ba da amfanin da ya gaza na ɗayar da kamar kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, ga noman ciyawa da hannu, ga kuɗin shaida. In damuwarka ragowar feshi ce ko lafiyar ƙasar noma, kuɗinka bai faɗi a banza ba. In bitamin kake nema, sayi wanda aljihunka zai iya, ka wanke shi sosai, ka ci da yawa.