Ɓauren gidana ya yi mini yawa, ya zan yi da shi kada ya lalace?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Yantala, Yamai. Shekara huɗu ke nan da maigida ya dasa ɓaure irin na lambu, wanda ake kira figue da Faransanci, gindi biyu a tsakar gida. Bana ya zubo da ƴaƴa fiye da ƙima. Mun ci, mun raba wa maƙwabta, amma kullum sai na share ruɓaɓɓu a ƙasa, ga ƙuda. Akwai wata hanya mai sauƙi da zan adana shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ƙara albarka. Itacen da Allah Ya rantse da shi a farkon Suratut Tin, sura ta 95, ba abin da za a bari ya ƙare a bola ba ne, kuma na ji daɗi da kika tambaya tun yana zuba.

Ki fara da sanin halinsa. Ɓaure ba kamar mangwaro ko ayaba ba ne da za a tsinka ɗanye a rufe ya nuna. In aka cire shi bai kai ba, zai yi laushi kawai, zaƙi ba zai ƙaru ba. In kuwa ya nuna, a zafin Yamai da ƙyar yake kwana biyu, a firiji ma bai wuce uku. Saboda haka tsinka kullum ne, da sanyin safiya, kafin tsuntsaye su riga ki. Wanda wuyansa ya lanƙwashe ya sunkuyo, ya yi laushi a hannu, shi ne ya kai. In kika tsinka kika ga farin ruwa mai danƙo yana fita daga gindin, da saura. Ruwan nan yana sa ƙaiƙayi, wani ma har fatarsa ta yi ƙuna in rana ta buga wurin, don haka kada a tura yara su hau da hannu haka, kuma a wanke hannu bayan an gama.

Hanyar da na fi ba ki shawara ita ce shanya, domin rana kam Allah Ya hore mana, ba ta buƙatar sukari ko wutar lantarki. Ki zaɓi lafiyayyu, ki ɗauraye, ki tsane su sosai. Ki raba kowane gida biyu, ki jera a faifai ko tire, cikin yana kallon sama, kada su hau juna. Ki ɗora a kan tebur ko rufin rumfa, ba a ƙasa ba, sannan ki lulluɓe da tsohon gidan sauro wankakke, ki ɗan ɗaga shi kada ya taɓa ƴaƴan. Shi ne zai tsare ƙuda da mafi yawan ƙura. Da magariba ki shigar ɗaki, da safe ki fitar, daga rana ta biyu ki riƙa juyawa. A lokacin bazara ko ɗari kwana uku zuwa biyar ya isa. Za ki gane ya yi in kika matsa shi tsakanin yatsu ya lanƙwasu kamar dabino mai laushi, ba ruwan da ke fitowa. Kilo 3 na ɗanye zai ba ki kimanin kilo 1, kada ki ga ya ragu ki ɗauka asara ce.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure: gaggawar kwashewa. In da sauran lema aka rufe a kwalba, hunhuna za ta kama shi, kuma wasu ire-iren hunhunar busasshen ɓaure suna fitar da guba mai cutar da hanta, wadda dafuwa ba ta kashewa. Duk wanda kika ga ya yi gashi-gashi, kore ko baƙi, ki zubar, kar ki ce za ki goge. Amma farin gari da ke fitowa a jikinsa bayan ƴan makonni, sukarinsa ne. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, iska tana da lema, ban ba ki shawarar shanya ba.

Lokacin nan sai konfitir, wato a dafa ɓauren da sukari har ya yi kauri. Shi ne kuma mafitar waɗanda suka tsage ko suka yi luguf, muddin ba su fara warin tsami ba. Kilo 1 na ɓaure yankakke, rabin kilo na sukari, ruwan lemun tsami babban cokali 4. Ki cuɗa ki bar shi awa ɗaya ya saki ruwa, sannan ki ɗora a wuta kaɗan kina motsawa, kamar minti 40, har in kika ɗiga a faranti mai sanyi ya tsaya bai gudu ba. Lemun nan kada ki rage shi. Ɓaure ba shi da tsami na kansa, tsamin ne ke taimakawa wajen hana ƙwayoyin cuta. Ki tafasa kwalabe da murfinsu minti 10, ki zuba da zafinsa, in ya huce ki sa a firiji, a cinye da burodi cikin wata guda.

Daskarwa a ƙanƙara tana yi, sai dai da ɗaukewar wuta irin tamu ban dogara da ita ba.

Busasshen kuwa ki daka shi da soyayyar gyaɗa ko riɗi, ki mulmula ƙanana kamar dakuwa, yara za su tafi da shi makaranta. Ki jiƙa ki dama a kunu ko fura, ba sai kin ƙara sukari ba. Ɗanyen ne kawai ban so ki bari ya daɗe cikin madara, yana iya tsinka ta. Yana sauƙaƙa bayan gida, to amma kusan rabin nauyin busasshen sukari ne, in akwai mai ciwon sukari a gidan ya tsaya a ɗaya ko biyu.