Na dawo daga Abijan, ina so in shafe gidanmu na Birni da siminti

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na je Abijan wurin yayana, na ga benayen Filato da sabuwar gadar Kokodi, na dawo ina jin kunyar gidanmu na ƙasa a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. Sai dai a can ma na ga ruwan dare ɗaya ya cinye titi, unguwannin talakawa kuma cikin taɓo. Tun da tsohon masallacinmu ya faɗi, tsohuwata ba ta runtsawa in hadari ya taso. Wani magini ya ce a shafe katangun da siminti, an huta ke nan har abada. In yi?

Amsa: Ƙanena, kada ka yi. Abijan gari ne na bakin teku, ruwan da yake samu a shekara ya ninka na Damagaram fiye da sau uku, gininsu na ƙasarsu ne. Gadar da ta burge ka, wadda aka buɗe a 2023, injiniyoyi sun auna ƙasa da ƙarfe kafin a kafa ta. Maginin naka me ya auna?

Wannan magana ta "a shafe da siminti an huta" kullum sai na ji ta, kuma wallahi ta ishe ni. Katangar ƙasa tana shan laima daga tushe da damina, ta fitar da ita in rana ta buɗe. Siminti ba ya barin laimar ta fita. Kuma ba ya kama ƙasa yadda yake kama bulo: zafi ya buɗa shi, sanyin hunturu ya tsuke shi, sai ya tsage ya rabu da katangar. Ruwa ya bi tsagar ya shige baya, ya rasa hanyar fita. Daga waje katanga sumul, kana ta alfahari, ciki kuwa tubali ya koma kunu. Ƙwarin gara ma sun samu inuwar cin azara ba mai ganinsu. Katangar da ke da yaɓen ƙasa tana yi maka gargaɗi, ka ga zaizaya ka gyara. Mai siminti ba ta gargaɗi, cikin dare take zubowa kan masu barci. Wasu har ƙusoshi da ragar waya suke kafawa don simintin ya zauna. Ya zauna ɗin, amma laimar tana nan a kulle. Abin da ke ƙona mini rai, mai wannan aikin ya karɓi kuɗinsa tun da rani, ranar da gini ya zube sai ya ce ƙaddara ce.

Masallacin da ka ambata ya faɗi a Satumbar 2024, cikin damina mai ruwa fiye da kima, bayan ya tsaya tun ƙarni na 19. Gidajen da nake gani suna faɗuwa kuwa, yawancinsu indararo ne ya toshe, ko ruwan titi da na makwarara ya kwanta a gindin katanga.

Kafin ruwan farko, hau soron ka share indararo, ka toshe tsagar rufi. A tayar da ƙasar gindin katanga ta gangara waje. A nemo tsohon magini da ya san makuba, wato haɗin yaɓe na ɓawon ɗorawa, ya sabunta yaɓe. In akwai inda aka riga aka shafa siminti, ƙwanƙwasa shi: in ya yi ƙarar holoƙo, a ɓamɓare shi da rani a bar katangar ta bushe. Ɗakin da ka ga katangarsa ta yi ciki ko azara ta lanƙwasa, fitar da Hajiya daga cikinsa yau, kada ka jira magini.