Yaushe ake ajiye malafa a ɗauko hular ulu? Amsa ga 'yar'uwarmu ta Manchester

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki: kin fara aikin kula da wata tsohuwa Bayahudiya mai riƙo da addini a unguwar Prestwich da ke yankin Manchester, 'yarta ta ce ki gyara ɗakin kaya ki fito da hulunan da suka dace da lokaci, ke kuma kin rasa yaushe ake barin na zafi a koma na sanyi, kina tsoron kada ki taka musu wata doka. Na daɗe ina irin aikin nan a Hendon da Golders Green, a arewacin Landan, don haka bari in faɗa miki abin da na gani.

Kwantar da hankalinki, babu dokar addini a kan wannan. Abin da addininsu ya ɗora wa matar aure shi ne ta rufe gashinta. Da me za ta rufe, wannan ya danganta da jama'ar da ta fito: wata ɗankwali, wata hular gashi da suke kira shaitel, wata hula kawai, wasu matan Hasidawa (wani rukuni na Yahudawa masu tsananin riƙo da addini) kuma su ɗora ƙaramar hula a kan hular gashin. Zancen malafa da zafi, ulu ko karammiski da sanyi, al'ada ce. Sai dai al'ada ce mai ƙarfi, musamman wajen tsofaffi. Matar da ta shekara hamsin tana zama a benci ɗaya a majami'a, wato wurin ibadarsu, ta san idon maƙwabtanta, kuma ba za ta so ta shiga da malafa ranar da kowa ya koma ulu ba. Kada ki ɗauki abin da wasa don kin ji ba farilla ba ne.

A gidajen da na yi aiki, ba kalandar Turawa ake dubawa ba, bukukuwa ake bi. Malafa na fitowa da Pesak, wato Idin Ƙetarewa, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Maris da ƙarshen Afrilu. Ulu na dawowa a bukukuwan watan Tishri na kalandarsu: Rosh Hashana, sabuwar shekararsu, ko Sukkot, Idin Bukkoki, mako biyu bayanta. Dalilin a fili yake. A Talmud, babban littafin koyarwar malamansu, an umarci miji ya faranta wa matarsa rai da sabuwar sutura lokacin idi, to sabuwar hula ranar idi ake fara ganin ta, kamar dai kayan Sallah a wajenmu. Addu'arsu ma ta raba shekara a daidai nan: daga ƙarshen Sukkot suna ambaton saukar ruwan sama kullum, a ranar farko ta Pesak su daina.

Inda ake samun saɓani shi ne Rosh Hashana, kuma a nan ne za ki buƙaci basira. Kalandarsu ta wata ce, amma suna ƙara wata guda sau 7 a kowace shekara 19 don bukukuwan su tsaya a yanayinsu. Saboda haka sabuwar shekarar na yawo tsakanin 5 ga Satumba da 5 ga Oktoba. A 2013 ta zo ranar 5 ga Satumba, a 2021 ranar 7 ga Satumba, a 2016 da 2024 kuwa sai 3 ga Oktoba. Wata guda kenan tsakani, kuma addu'ar safiyar ranar doguwa ce, a cike ɗaki, har bayan azahar. Ni dai a ganina, in ta zo farkon Satumba, zalunci ne a ɗora wa mai shekara tamanin hular ulu. Akwai wasu malafu masu duhu, baƙaƙe ko shuɗi mai duhu, da ake ajiyewa musamman don irin wannan shekarar: ga sanyin kai, ga kamala. In ta zo a Oktoba, babu gardama, ulu ne. Sukkot kuwa ko yaushe ulu, don a bukka ake cin abinci a tsakar gida, da dare, a sanyin Ingila.

Haka nan Pesak. In ya zo a Maris, a Manchester ba a ma gama hunturu ba. Mata da yawa sukan ci gaba da ulu mai haske, su jinkirta malafa zuwa idin Shavuot, mako bakwai a gaba.

In kin ji 'yan'uwanta na Amurka suna faɗin wani lissafi dabam, kada ya ruɗe ki. Su can suna bin al'adar ƙasar: malafa daga Litinin ɗin ƙarshe ta Mayu zuwa Litinin ɗin farko ta Satumba. A da ma sun fi tsanani; a Satumbar 1922 har tarzoma aka yi a New York, samari na fizge malafar maza suna tattakewa don lokacinta ya ƙure. Na Johannesburg a Afirka ta Kudu da Melbourne a Ostareliya kuwa komai a juye yake musu, Pesak shi ne shigar sanyi.

Abin da ya fi damuna a aikin nan shi ne ranar Asabar, ranar hutunsu ta addini, wadda ke farawa tun yammacin Juma'a. Ba su shiga mota, da ƙafa ake zuwa majami'a, kuma ba su buɗe laima ko ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya. Malafa in ta jiƙe bakinta ya lanƙwashe, karammiski kuma ɗigo ɗaya ya bar masa tabo. Don haka ranar Juma'a da rana ki duba hasashen yanayi, ki fito da hula biyu, ki goge su da buroshi, ki ajiye inda hannunta zai kai. Da zarar an kunna kyandir kafin faɗuwar rana, gyaran hula ya ƙare, kuma dokarsu ba ta ba ta damar ta ce ki yi mata aikin da ita aka hana ta ba, ko da tana so.

Wata tsohuwa da na kula da ita takan ɗaga kowace malafa ta fuskanci taga da ita, ta ƙura ido. In haske ya ratso saƙar sosai, sai ta ajiye ta gefe, ta ce sai an sa mata shafi ko ta ɗaura siririn ƙyalle a ciki. A wajenta malafar da ake hango gashi ta ramukanta ba ta yi aikin da aka saye ta dominsa ba. Ki duba wannan kafin ki jera su, musamman in tsohuwarki ba ta sa hular gashi a ƙarƙashi.

Wajen ajiya, ki cusa farar takarda mai laushi a cikin kowace hula, ki sa a kwali, ba a leda ba. Na ulu ki goge su tas kafin ki rufe, ki sa maganin asu, don asun gidajen Ingila ba ya raga wa ulu.

Sai wani abu kuma da yake doka ce ta gaske. Attaura ta hana su sa suturar da aka haɗa ulu da lilin, suna kiran wannan sha'atnez, har akwai masu bincikar kaya da madubin ƙara girma saboda shi. In kin ga hular ulu ta warware, kada ki ɗauki zaren da kika samu ki ɗinke, kada kuma ki canza mata shafi ko ɗamara da kanki. Ki nuna wa 'yar, ita ta san inda ake kaiwa. Sannan ki roƙe ta kalandar bango ta wannan shekarar, irin wadda majami'u ke rabawa, ki sa alama mako biyu kafin Pesak da mako biyu kafin Rosh Hashana, ki sauko da kwalayen, ki bar tsohuwar ta zaɓa da hannunta.